Uwargida, Ki Ƙidaya Kuɗinki Kafin Ki Kira Mai Ƙawata Ɗaki

Yau zancenmu a kan gyaran ɗaki ne, da yadda mace za ta tsara kuɗinta idan ta yi niyyar kiran masu sana'ar ƙawata gida. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana kuwa shi ne wani abu da ya faru a unguwarmu, wanda na gani da idona, kuma na tabbata irinsa yana faruwa a gidaje da yawa, sai dai kunya ta hana a faɗa.

Wata maƙwabciyata ce, mace mai kamun kai da neman na kanta, ta ɗauki adashen da ta yi wata goma sha biyu tana zubi. Bikin 'yarta ya matso, tana so baƙi su zo su tarar da falo a gyare. Ta ga hoton wani falo a waya, ya shiga ranta, sai ta aika aka kira mata wani saurayi mai wannan sana'a. Da ya zo ya dudduba, ya ce, "Hajiya, nawa kika tanada domin aikin?" Ita kuwa tana tsoron in ta faɗa zai cinye duka, ga kuma jin nauyi kada ya raina abin da ke hannunta, sai ta ce, "Kai dai ɗan nan ka yi aikinka, kuɗi ba za su gagara ba."

Kashegari ya zo da yaransa suka ɓamɓare tsohon silin, suka yaye ledar ƙasa, aka fitar da kujeru tsakar gida. Da aka buɗe sama sai ga kwanon rufi yana yoyo wuri uku, wayoyin lantarki kuma ɓera ya gwagwiye su. Dole a gyara waɗannan kafin a yi sabon silin. Kafin a gama rabin shimfiɗa tayil kuɗin adashe sun ƙare ƙarƙaf. Ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, aka ƙara tafiya kaɗan, aka sake tsayawa. Maigida, wanda tun farko ba a yi shawara da shi ba sai dai ya ga ana fasa silin, ya ce shi ba shi da ko kwabo da zai sa a ciki, don kuɗinsa na hidimar biki ne. Haka aka yi bikin nan, baƙi suna zaune bisa tabarma a tsakar gida, falo kuwa an rufe shi da kwaɗo, cike da buhunan siminti. Wata biyar ana zaman doya da manja tsakanin miji da mata a kan ɗakin da aka so a yi farin ciki da shi.

Da ta zo tana yi mini kuka ta ce, "Yaya, yaron nan ya cuce ni." Muka zauna muka bi lissafin ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar yaron bai ci mata kome ba. Abin da ya faru shi ne ba wanda ya san iyakar kuɗin, ba wanda ya rubuta kome, kuma ba a ajiye ko sisi domin abin da zai iya ɓullowa ba.

Iyayenmu sun san wannan

Ƙawata ɗaki ba baƙon abu ba ne ga matan Hausawa. Kakanninmu sun yi daɓe da tsakuwa da makuba, sun yi jeren ƙore da tasoshi, daga baya aka koma jeren kwanonin samira da langa, da gadon ƙarfe mai rumfa. Amma ku tambayi kowace tsohuwa za ta gaya muku, ba a kiran gayyar daɓe sai an tanadi ƙasa da tsakuwa, an jiƙa makuba, an dama furar masu aiki. Wadda ta kira gayya ba ta shirya ba ita ke jin kunya. Haka kuma magina masu yi wa bangon soro ado a Kano da Zariya, tun yaɓe yana ɗanye suke fitar da zanensu, shi ya sa ake cewa tun ran gini ran zane. Abin da ya sauya yanzu shi ne kayan sun yi yawa, sun yi tsada, kuma aikin ya koma hannun masu sana'a da ake biya. Amma dokar tana nan yadda take: tanadi shi ne gaba, ado yana biye.

Mai ƙawata ɗaki, mace ko namiji, shi ne wanda zai auna ɗakinki, ya ji abin da kike so, ya zana miki yadda za a tsara shi, ya zaɓi launi da kaya, sa'an nan ya tsaya a kan kafinta da mai fenti da mai tayil da mai wayarin da tela har su gama. Wasu sun yi karatun abin a makaranta, wasu a hannun ubangida suka koya, har ma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa wadda aka kafa a 2007. Yanzu mata da yawa sun shiga sana'ar, wannan kuwa sauƙi ne ga matan da ba a shigar musu gida barkatai. Na ƙwarai a cikinsu yakan tsare miki kuɗi, domin ya san inda kaya ke da sauƙi, ya san abin da zai lalace da wuri. Amma kome ƙwarewarsa ba ya duba, ba zai san abin da ke ƙulle a haɓar zanenki ba sai kin faɗa masa.

Fara da kuɗin, kada ki fara da hoto

Kafin ki kira kowa, ki sami takarda da alƙalami ki rubuta kuɗin da ke hannunki yau. Kada ki sa adashen da ba ki ɗauka ba tukuna, kada ki sa bashin da kike bin wata, kada ki sa alkawarin da ɗan'uwanki ya yi miki. Daga cikin abin da ke hannun ki cire kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa in ke ce ke taimakawa, ki cire jarin sana'arki, ki cire abin da kike ajiyewa saboda rashin lafiya. Abin da ya rage shi ne kuɗin ɗaki, ko da ya yi miki kaɗan a ido.

Bayan wannan sai shawara da maigida. Ko da kuɗin naki ne na kanki, gidan nasa ne ko kuma shi ke biyan haya, kuma shi zai ba da izinin maza su shigo aiki. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, "Malam, ina da niyyar gyara falo, ga abin da na tanada, ga abin da nake so a yi, me ka gani?" Sau da yawa za ki tarar ya ɗauki nauyin abin da ya shafi ginin kansa, kamar rufi da lantarki, ke kuma ki ji da kujeru da labule. Da maƙwabciyata ta yi haka, da gyaran yoyon nan bai faɗo kan adashenta ba.

Sa'an nan ki raba bukatunki gida biyu. A gefe guda ki rubuta abin da ya zama dole, kamar bangon da ya tsage, ko kujerar da ta karye, ko tagar da ƙura ke shigowa ta cikinta. A ɗaya gefen ki rubuta abin sha'awa, kamar fitila mai reto, ko silin mai hawa biyu, ko bango mai takardar ado. In kuɗi suka gaza, kin riga kin san daga inda za a fara yankewa, ba sai an yi gardama ba.

To, sai a zo kan faɗa wa mai aikin. Mata da yawa suna ɓoye adadin kuɗinsu don tsoron kada a cinye. Maganin wannan tsoro mai sauƙi ne. Ki ware kashi 15 cikin 100 ki ɓoye a matsayin kuɗin ko-ta-kwana, sauran kuwa ki faɗa masa ɓaro-ɓaro, ki ce, "Ga iyakar abin da zan kashe, har da ladanka, har da dako. Me zai yiwu da shi?" Mai gaskiya zai ce miki wannan zai yiwu, wancan sai wani karo. Wanda kuwa ya ce, "Hajiya, a fara kawai, Allah zai hore," ki sallame shi da girma da arziki.

Yadda suke karɓar lada

Ya kamata ki san hanyoyin da masu wannan sana'a ke samun nasu, domin a nan ne yawancin rashin jituwa ke tasowa. Wasu jinga suke yi, watau a yanke lada guda tun farko, ko aikin ya yi tsada ko ya yi araha. Wasu kuma kaso suke ɗauka daga jimlar kuɗin aikin, galibi daga kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Wasu ba sa ambaton lada ko kaɗan, sai dai su sayo kaya su ɗora ribarsu a kai, ko kuma mai kanti ya ba su la'ada saboda sun kawo ciniki. Akwai kuma masu karɓar kuɗin zuwa duba ɗaki da na zane daban, ko an yi aikin ko ba a yi ba.

Duk waɗannan hanyoyi halal ne muddin an bayyana su. Amma ki lura, mai ɗaukar kaso, duk sa'ad da kaya suka ƙara tsada nasa ma ƙaruwa yake yi, saboda haka ba lalle ne ya matsa wajen neman rangwame ba. Mai ɗora riba a kan kaya kuwa, in ba ki tambaya ba, za ki zaci kyauta yake yi miki aiki. Ga ƙaramin aiki irin na ɗaki ɗaya ko biyu, jinga ta fi kwanciyar hankali. Kada ki ji kunyar tambaya, "Kai ina naka yake a cikin wannan lissafi?" In kamfani ne mai rajista, ki tambaya ko an sa harajin kayan masarufi a ciki, wanda tun watan Fabrairu na 2020 yake kashi 7.5 cikin 100. A aikin Naira miliyan 2 wannan kaɗai N150,000 ne, ba abin da za a bari sai ranar biya a ji shi ba ne.

Har wa yau, kada ki tsaya kan mutum ɗaya. Ki nemi biyu ko uku su rubuto miki farashinsu a kan aiki iri ɗaya. Kuma ki roƙi a kai ki, ko a kai wani naki, gidan da suka yi aiki shekara guda ko biyu da ta wuce. Hoton waya ranar da aka gama aiki ake ɗaukarsa, wani ma ba aikinsu ba ne. Ɗakin da ya ga damina ya ga hunturu shi ke faɗin gaskiyar mai aiki.

Misalin rabon kuɗi

Bari mu yi misali da matar da ta tanadi Naira miliyan 2 domin falo guda. Wannan misali ne kurum na yadda ake rabo, farashin kowane abu kuwa sai a tambayi kasuwa a ranar da za a saya.

Kuɗin ko-ta-kwana: N300,000
Ladan mai ƙawata ɗaki: N200,000
Gyaran rufi, waya da tsagar bango: N300,000
Shimfiɗar ƙasa da fenti, har da ladan masu yi: N400,000
Kujeru da tebur: N550,000
Labule, fitila da ƙananan kaya: N170,000
Dako da kwashe shara: N80,000

Kun ga ke nan abin da za ta faɗa wa mai aikin N1,700,000 ne. Kun kuma ga cewa kujeru da labule, waɗanda su ne baƙo zai fara gani, ba su kai rabin kuɗin ba. Mata da yawa suna lissafin abin da ido ke gani ne kawai, su manta da ƙusa, da gam, da siminti, da yashi, da sandar labule, da kuɗin a-kori-kura, da 'yan dakon da za su shigo da kujeru. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke cinye kuɗi a ɓoye kamar gara.

Aikin kuma yana da jeri wanda ba a tsallakewa. Rufi da yoyo su ne farko, sai wayar lantarki, sai silin, sai ƙasa, sai fenti, sai kayan kafinta, labule shi ne na ƙarshe. Wadda ta sa aka yi silin POP a ƙarƙashin rufi mai yoyo, damina ɗaya za ta ga taswira a samanta, wata rana ma ya rufto. Wadda ta yi fenti kafin a ja waya, za a fasa bangon a sake fentin, ta biya sau biyu.

Ki koyi awo da kanki

Babu abin da ke tsare kuɗin mace kamar tef ɗin awo irin na tela da ɗan lissafin firamare. Mu ɗauki ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 12, bango mai tsayin ƙafa 10, irin wanda ya fi yawa a gidajenmu.

Ƙasan wannan ɗaki murabba'in mita 13 da 'yan kai ne. Akan ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama kamar 15. Tayil mai santimita 60 kowane gefe, in guda 4 ne a kwali, kwali ɗaya yana rufe murabba'in mita 1.44, saboda haka kwali 11 ya isa. In aka rubuto miki kwali 18, sai ki tambaya ina sauran za su. Kuma ki sayi duka a lokaci guda, domin in kin koma daga baya mai yiwuwa launin ya ɗan bambanta, ko irinsa ya ƙare a kasuwa.

Bangon ɗakin, in an cire ƙofa da taga, kimanin murabba'in mita 40 ne. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau takan shafe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya in bangon sumul ne. Shafa biyu ke nan lita 8, watau galan 2 mai lita 4, ko 3 in sabon filasta ne mai shan fenti. Babban bokiti lita 20 ne, ya isa ɗaki biyu. Fenti mai araha sosai kuwa yakan bukaci shafa uku ko huɗu, sa'an nan ya riƙa bin rigar duk wanda ya jingina, kun ga araha ba ta yi ado ba.

Labule kuma, domin ya yi tattara mai kyau, akan ninka tsawon sandar sau biyu. Taga mai faɗin ƙafa 4 za a sa mata sanda mai ƙafa 5, yadin labule ya zama ƙafa 10. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne, saboda haka yadi uku da rabi ya wadatar, in irin mai faɗin nan ne wanda faɗinsa ke kaiwa daga sama har ƙasa. Ki riƙe wannan lissafi a kanki kafin a tafi Kantin Kwari, ko kasuwar garinku.

Wajen kujeru da gado da sif, abin da yadi ya rufe shi ne kuɗin. Ki nemi a nuna miki katakon da soson kafin a rufe. Katako mai ƙarfi irin madaci yana daɗewa, farin katako mai taushi kuwa ƙwaro da gara suna saurin kama shi. Ɗanyen katako, ko da mai kyau ne, da hunturu ya busa sai ya tsage ko ya karkace, ƙofar sif ta ƙi rufuwa. Akwai kuma allon nan na garin katako da aka matse da gam, wanda ake yi wa fuska mai sheƙi. Yana da kyaun gani da sauƙin kuɗi, amma da ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya fara zuba, saboda haka mai yawan goge ɗaki da ruwa ta sa a yi masa ƙafafu. Soso kuma ki danna shi da hannu. Mai nauyi yakan dawo nan da nan, mara nauyi kuwa wata shida za ki ji kina zaune kan katako.

A rubuta, a sa shaida

Mu mata mukan ce, "Ai ɗan maƙwabta ne, ai ƙanen ƙawata ne, mene ne na rubutu?" To, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu yana tsare zumunci ne, domin mantuwa ta fi ha'inci yawa a tsakanin mutane.

Takardar ba sai ta lauya ba. A rubuta aikin da za a yi ɗaya bayan ɗaya, da irin kayan da adadinsu da farashinsu, da ladan mai aiki, da ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai kwashe shara, da wanda zai biya in aka fasa wani abu na gidan. A rubuta kuma cewa in wani aibi ya bayyana cikin wata uku ko shida, zai dawo ya gyara ba da ƙarin kuɗi ba. Ke ki sa hannu, shi ya sa, maigida ko wani babba ya shaida, kowa ya riƙe kwafi.

Biya kuwa a yi shi kashi-kashi. Kafin-alƙalami ya zama na sayen kaya, kada ya wuce rabi. A ba da kashi na biyu in aiki ya kai inda aka ambata a takarda. A riƙe kashi 10 ko 20 cikin 100 sai kin shiga kin duba kome da rana tsaka, kin kunna kowace fitila, kin buɗe kowace ƙofar sif, kin ƙwanƙwasa tayil kin ji ba ya amon rami. Wanda aka biya duka tun farko yakan tafi wani aikin, ki yi ta aike ana cewa gobe. Amma ke ma ki ji tsoron Allah, in ya cika alkawari kada ki riƙe masa haƙƙinsa ko kwana ɗaya. Kowane biya a yi shi ta banki ko a karɓi rasit. In za a sayo manyan kaya a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ki bi su in da hali, ko ki haɗa su da ƙanenki ko babban ɗanki.

Akwai kuma zancen tashin farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira a kasuwar canji, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin N460 ta haura N1,500 a cikin 2024, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba na wannan shekarar. Yadin labule da fitilu da kayan ado da yawa daga Sin da Turkiyya ake shigo da su, saboda haka duk motsin dala yana taɓa su. Matan da suka yi aiki a wancan lokaci sun ga yadda farashin da aka rubuta a farkon wata ya zama tarihi a ƙarshensa. Darasin shi ne a rubuta kwana nawa farashin zai tsaya, kuma da an shirya a sayi manyan kaya nan take a ajiye. Ki kuma guji gab da Salla, lokacin da kafintoci da teloli ke karɓar aikin da ya fi ƙarfinsu.

Abu na ƙarshe a nan laifinmu ne mu mata, watau sauya ra'ayi. An gama fenti ruwan madara, ƙawa ta zo ta ce ai yanzu ruwan toka ake yayi, sai a ce a sake. Duk sauyin da kika kawo bayan an fara aiki kuɗi ne da lokaci. In ya zama dole, ki tambayi nawa zai ƙara, a rubuta a bayan takardar kafin a taɓa kome.

Masu haya, da iyayen amare

'Yar'uwa mai zaman haya, kada ki binne kuɗinki a bangon wani. Silin da tayil ba sa bin ki ranar tashi, wani mai gidan ma da ya ga ɗaki ya yi kyau sai ya ƙara haya. Ki sa kuɗinki a abin da mota za ta ɗauka, kamar kujeru, kafet, labule da madubi. In gyaran gini ya zama dole, maigida ya zauna da mai gidan a rubuta cewa za a cire daga kuɗin haya.

Ku kuma iyaye masu shirin kayan ɗakin amarya, kafin ku ba kafinta ko sisi, ku aika a auno ɗakin da za a kai yarinyar, har da faɗin ƙofa. Sau nawa muka ga ranar jere gado ya ƙi shiga, ko kujeru sun cika ɗaki har ba wurin shimfiɗa sallaya? Uwa ta ci bashin shekara biyu don gudun gorin dangin miji, kayan kuwa rabinsu a zaure ruwa yana dukansu. Daidai ruwa daidai tsaki. Kaya kaɗan masu ƙarko sun fi wa yarinya amfani, abin da ya rage a ba ta jari.

Ga 'yan makaranta

Ku 'yan matanmu, wannan lissafin tsawo da faɗi da malam ke koya muku kuna hamma, ga amfaninsa kun gani. Ranar Asabar ki ari tef ɗin Inna, ki auna ɗakinku, ki lissafa kwalin tayil nawa zai ci, galan nawa na fenti, yadi nawa na labule. Duk ranar da za a yi gyara a gidanku, ke ce za ki riƙe takardar lissafi. Wadda kuma ta ga tana da sha'awar abin, ta sani sana'a ce mai rufin asiri, ana karatun zanen gine-gine da na tsara kayan masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wasu manyan makarantu, kuma matan aure suna bukatar 'yan'uwansu mata da za su shiga har ƙuryar ɗaki su yi musu aiki.

Maƙwabciyar tawa kuwa, bayan hankali ya kwanta, ta sake kiran yaron nan gaban maigidanta. Aka zauna aka rubuta abin da ya rage, aka soke fitila mai reto da takardar bango, aka sa kafinta ya sauya wa tsofaffin kujerunta soso da yadi maimakon sayen sababbi. Maigida ya biya kuɗin tayil ɗin da ya saura, ita kuma ta yi sauran daga ribar sana'arta cikin wata uku. Falon bai zama irin na hoton ba, amma yana da tsabta da haske, kuma ba a bin ta bashin kowa. 'Yan kunnen ne dai har yanzu ba ta mayar ba.

Wadda ke da tambaya ko wani abin da ya faru da ita a kan wannan batu, ta rubuto mana domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a cikin abin da muke samu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.